Kazar Glenys Mai Kallon Sama

Ranar Asabar da hantsi Glenys ta dawo daga garin Tregaron da kwali biyu a bayan mota, ta tsaya a ƙofar gida tana ta danna ham kamar wadda ta ɗauko amarya. Mijinta Emrys na zaune a kicin da jarida da kofin shayi. Ya ji ta sarai, amma ya yi kunnen uwar shegu, har sai da ta leƙo ta taga.

"Emrys Bowen, kurumta ce ta kama ka ko ƙiwa? Fito ka kama mini kaya!"

Ya fito yana jan silifa. Kaji uku ne a cikin kwalayen. Ta karɓo su ne daga hannun 'yan ƙungiyar nan masu bin gonakin ƙwai suna kwashe kajin keji idan sun shekara ɗaya da rabi, ƙwai ya fara ja baya, tun kafin motar mahauta ta zo. Wata uku cur Glenys ta yi tana jiran sunanta ya fito, kullum sai ta duba waya sau goma.

Ta buɗe kwalin farko. Biyun da ke ciki ba laifi, gashi ya zube nan da can, amma dai in ka gan su ka san kaji ne. Da ta buɗe na biyu kuwa, Emrys ya leƙa ya ce, "Kai! Wannan ai an riga an fige ta, tukunya kawai ta rage."

Gaskiya ya faɗa, sai dai bai duba wa yake faɗa wa ba. Kazar tsirara take tun daga wuya har wutsiya, fata jawur, 'yan tsinkayen gashi a fiffike kamar tsohuwar tsintsiya, zankonta ya koɗe ya kwanto ya rufe mata ido ɗaya.

"Sunanta Dilys," in ji Glenys, ta rungume ta a ƙirji. "In kuma ka sake ambatar tukunya a gabanta, yau waken gwangwani za ka ci, da sanyinsa."

To, akwai dalilin da ya sa zancen kaza ba ya yi wa Emrys daɗi a baki. Shekara ashirin da shida ya yi yana aiki a wata gonar ƙwai a bayan tsauni, rumfa biyu, kowace da kaji dubu ashirin a keji hawa huɗu. Shi ne mai kula da bututun ruwa da sarƙar abinci da fitilu. Da aikin nan ya riƙe gida, da shi 'yarsu ta yi karatu har ta zama malamar asibiti a Cardiff. Bai taɓa cewa yana alfahari da shi ba, bai kuma taɓa cewa yana jin kunyarsa ba. In an tayar da zancen, sai ya tuna bai rufe ƙofar lambu ba, ya tashi ya fita. Shekara biyu ke nan da ya ajiye aiki, ko kajin Glenys na da, ƙosassu uku da ke mulkin bayan gida, ba ya yi musu kallo biyu.

Glenys ta riga ta raba lambun gida biyu da raga, tsofaffin a can, baƙin a nan, sai sun saba da juna. Ta sauke su a kan ciyawa. Wayyo, abin dariya, abin tausayi! Tun da aka ƙyanƙyashe su ba su taɓa taka komai ba sai wayar keji. Ɗaya ta ɗaga ƙafa ta manta yadda ake saukewa. Ɗayar ɗigon ruwan sama ya faɗo mata a ka, ta daskare a wurin, tana jiran a zo a yi mata bayani. Dilys kuwa ko motsi, ta tsaya a daidai inda aka ajiye ta.

Duk abin nan Beti na kallo ta bayan raga. Beti ita ce uwar ɗakin tsofaffin kajin, baƙa ce, ƙirji a gaba, tafiyarta ta shugabar makaranta mai zagayen aji. Ta dubi baƙin ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi wadda ta fi kowa rauni. Ta ɗare kan bokitin da Emrys ya kife ya manta a gindin raga, ta yi tsalle ɗaya, sai ga ta a kan Dilys. Kafin Glenys ta iso da takalmi a hannu tana kururuwa, jini ya riga ya fito a bayan wuyan baiwar Allah.

"Bokitin wa ye wannan?"

"Na cocin ne," in ji Emrys, ya ɗauke shi da sauri.

A ranar Dilys ta koma kicin da zama. Glenys ta fito da kejin karensu da ya mutu bara, ta shimfiɗa tawul, ta ajiye shi a gindin babban murhun ƙarfen da ba a kashewa dare da rana. Ta zuba tsaki a faranti. Ruwa kuwa a kwanon tangaran mai furanni na kakarta ta zuba, wanda ko ran Kirsimeti ba a fito da shi.

"Kin fito da ita daga keji kin sa ta a keji," in ji Emrys.

"Wannan na ƙauna ne."

"Ita kin gaya mata?"

Ran Lahadi bayan an taso daga coci, sai ga Misis Pugh da jaka a hammata. Ita ce shugabar matan da ke taruwa a ɗakin bayan coci duk Talata suna saƙa, kuma ita ta cusa wa Glenys wannan ra'ayi na kajin keji tun farko. Gajera ce, muryarta kuwa ta ishi garin duka. Tun ranar da ta ji inda Emrys ya yi aiki ta raɗa masa suna, kuma ba a ɓoye take kiransa ba.

"A'a, Fir'auna, kana gida? Ina bayin da aka 'yanta?"

"Biyu na lambu, ɗaya ta zama matar gida. Sannu da zuwa, Misis Pugh. Yau ma ba ki manto bakinki a coci ba?"

"Matsa can, malam. Kada ka kuskura ka matso kusa da ita, za ta ji warin gona a jikinka hankalinta ya tashi."

"Shekara biyu fa ina wanka."

"Irin wannan wari, sabulu ba ya fid da shi."

Ta zaro abin da ta kawo: 'yar rigar sanyi ce ta ulu, ja da fari, da huda biyu na fiffike da maɓalli a baya. Matan Talata sun saƙa goma sha bakwai tun kaka, suna ta jiran kazar da za ta sa. Su biyu suka taru a kan Dilys, wannan ta kama ƙafa, waccan ta cusa fiffike, har suka ɓalla maɓallin. Aka ajiye ta. Ta yi taku ɗaya, ta tuntsure gefe, ƙafafu a sama.

"Hutawa take yi," in ji Misis Pugh, ta miƙar da ita.

Sai Dilys ta yi wani abu da ta yi ta yi tun jiya. Ta miƙa siririn wuyanta sama, ta karkata kai, tana bin rufin kejin da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan, baki a ɗan buɗe.

"Kin gani?" Glenys ta ce ƙasa-ƙasa. "Haka take wuni."

Misis Pugh ta dafa ƙirji. "Allah sarki! Sararin sama take nema. Ba ta taɓa ganinsa ba, amma zuciyarta ta san yana can."

Nan take Glenys ta fara share ƙwalla da gefen riga. Emrys yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji wani abu ya ɗan taɓa shi game da wannan kallo, kamar fuskar da ka sani ka rasa inda ka san ta. Ya ɗan miƙo kai zai duba da kyau, Misis Pugh ta kore shi da tawul. Ya ɗauki shayinsa da yankan burodi mai zabibi ya koma lambu.

Wayewar garin Litinin wasa ya fara ƙarewa. Dilys ba ta taɓa tsakin ba. Glenys ta dama mata kunun hatsi, ta ƙi. Ta yanka mata inabi gida huɗu-huɗu, ta ƙi. Ta buɗe kifin gwangwanin da Emrys ke ɓoyo a bayan kabad, wanda ya ɗauka ba wanda ya san da shi, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta lafe a cikin rigarta, ido a lumshe, zanko ya yamutse, sai can ba a rasa ba ta ɗaga kai sama ta sake saukewa.

Glenys ta buga wa likitan dabbobi waya. Aka ce ta kawo ta ƙarfe huɗu na yamma. Aka kuma gaya mata cikin lallashi cewa irin waɗannan kaji ba duka ke kai labari ba, in abin ya yi nisa gara a yi mata allura ta huta. Ta ajiye wayar ba ta ce uffan ba, ta koma wurin wanke-wanke. Emrys yana kallo ta wanke kofi ɗaya sau uku.

Jikinsa ya yi sanyi. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, ya san faɗan Glenys ba abin tsoro ba ne, shirunta ne abin tsoro. Kuma shi kansa abin ya dame shi fiye da yadda zai yarda. A gona, aikinsa na farko kowace safiya shi ne bin layi yana zaro matattun kaji yana jefawa a baro, goma, sha biyar, yana fito da baki yana tunanin wasan ƙwallon Asabar. Ko sau ɗaya abin bai taɓa hana shi karin kumallo ba. Yau ga figaggiyar kaza guda ɗaya a cikin rigar ulu ta hana shi haɗiye burodi. Ba ya son ta mutu. Ba ya son ta mutu a kicin ɗinsa, a gaban matarsa, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu.

Ya fita lambu ya zauna a kan bokitin da ya jawo rigima. Sababbin kajin biyu sun fara warwarewa. Ɗaya ta gano tsutsa, ta ja ta, tsutsar ta motsa, ta sake ta ta ruga a guje. Ɗayar kuma tana tsaye tsamo-tsamo a cikin kaskon ruwa da ƙafa biyu, ta ƙura wa Beti ido ta cikin raga. Beti ta tsoma baki a nata kaskon, ta ɗaga kai ta haɗiye. Baƙuwar ta dubi ƙafafunta, ta tsoma kai gaba ɗaya har ido, ta fito tana atishawa. Ta sake gwadawa a hankali, ta ɗaga kai ita ma. Emrys ya yi dariya shi kaɗai, ya ce, "Ka ji 'yar makaranta."

Ƙarfe biyu da rabi Misis Pugh ta dawo, wai ta zo rakiya asibiti. Ta kawo riga ta biyu, mai ruwan toka, ta ce ja bai dace da irin wannan tafiya ba. Emrys ya shigo neman makullin mota, ya tarar da ita a durƙushe, ta cusa kai cikin kejin tana yi wa Dilys ban kwana. 'Yan kunnenta na zuwa unguwa ne a kunnenta, jajayen duwatsu masu ɗan siririn ƙarfe yana reto a ƙasa.

Dilys ta buɗe ido. Kazar da tun safe ba ta iya ɗaga fiffike ba, sai ga ta ta yunƙura, ta miƙa wuya, ta kai wa ɗan kunnen cafka. Ƙas! Ƙas! Ƙas!

"Wayyo, ku duba, sumbata take yi!" in ji Misis Pugh. "Ta san ni!"

Makullin ya suɓuce daga hannun Emrys ya faɗi ƙasa.

"Glenys," ya ce, "kin ga kazar nan ta sha ruwa?"

"Sau uku a rana nake canza mata."

"Ba canzawa na tambaye ki ba. Da idonki, kin ga ta sa baki a kwanon nan?"

Glenys ta dubi kwanon kakarta, cike fal, tas da shi, kamar yadda yake kullum, don ba ta taɓa barin ruwan ya daɗe ba balle ta lura ko ya ragu.

"Ba sama take nema ba," in ji Emrys. "Famfo take nema. A keji ruwa daga sama yake zuwa, ta wani ɗan jan abu mai tsinken ƙarfe, ta taɓa da baki ɗigo ya fito. Tun da ta zo duniya ba ta taɓa ganin ruwa a kwance ba. 'Yan uwanta sun koya a wurin Beti. Ita kun ɗauke ta ita kaɗai, kun sa mata ulu, kun ajiye ta a gindin wuta kwana biyu. Ƙishirwa ce za ta kashe ta, ga ruwa a gabanta."

Bai jira amsa ba. Tsohon da gwiwa ke hana shi hawa bene sai ga shi yana sassarfa zuwa ɗakin ajiya. Aka ji gwangwanaye na zubowa, aka ji ya ambaci wata kalma da ba a faɗa a gaban shugabar matan coci. Ya dawo da wani gwangwanin taba mai tsatsa, irin wanda kowane ma'aikaci ke tara tarkacen aljihu a ciki. Ya juye shi a kan teburin cin abinci: kusoshi, wayoyi, da 'yan jajayen famfuna guda biyar. Ya ɗauko robar madara ya ɗauraye, ya ɗora ƙusa a kan murhu ta yi zafi, ya huda gindin robar, ya murɗa famfo ɗaya a ciki, ya cika ta da ruwa.

Misis Pugh ta miƙe ta tare ƙofar kejin da jikinta.

"Kayan kurkuku za ka kawo mata? Bayan duk wahalar da aka sha aka raba ta da su? Glenys, kina tsaye kina kallo?"

Emrys ya tsaya da robar a hannu, ruwa na bin gwiwar hannunsa, yana kallon matarsa. Glenys ta dubi agogon bango, ta dubi Dilys, ta dubi mijinta.

"Misis Pugh," ta ce, "matsa ki ba Fir'auna wuri."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya lalubi maɓallin rigar da manyan yatsunsa, ya kasa, ya ce a ba shi almakashi. Misis Pugh ta kau da kai don kada ta ga abin da za a yi wa aikin mako biyu. Da rigar ta fita, sai ya ji jikin kazar zau a tafin hannunsa, ƙashi da fata, zuciyarta na bugawa da sauri. Ya ajiye ta a hankali, ya ɗaga robar bisa kanta, ya taɓa tsinken da yatsa. Ɗigo ɗaya ya taru ya tsaya yana ƙyalli.

Dilys ba ta motsa ba. Kicin ya yi tsit, har Misis Pugh, wadda ba a taɓa jin ta yi shiru ba ko a jana'iza.

"Haba, 'yar nan," in ji Emrys a hankali. "Kin san shi ai. Ga shi nan inda yake kullum."

Ta buɗe idon da zanko bai rufe ba. Ta karkata kai. Ta miƙa wuya.

Ƙas. Ɗigon ya ɓace. Ƙas, ƙas. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas. Maƙogwaronta tsirara ne, don haka ana ganin kowane ɗigo yana gangarawa ƙasa. Ta tsaya ta numfasa, ta miƙe a kan ƙafafunta biyu, ta koma kai ba ji ba gani.

Glenys ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana kuka a haɗe. Misis Pugh ta fyace hanci da rigar mai ruwan toka, ta ce ita dama tun jiya ta so ta ce ko ruwa ne. Ba wanda ya kula ta.

Babu inda za a rataya robar, don haka Emrys ya ci gaba da riƙewa. Minti biyar, minti goma. Hannunsa ya fara rawa, ya tallafe shi da ɗayan. Glenys ta matso ta dafa kafaɗarsa.

"Kawo in karɓe ka, tsoho. Hannunka zai tsinke."

"Bari."

"To bari in nemo igiya mu ɗaure."

"Na ce ki bari, Glenys."

Ta leƙa fuskarsa, ta ga idanunsa sun kaɗa sun yi ja, bai kuma damu ya ɓoye ba. Bai ɗauke kai daga kan kazar ba ya ce, "Shekara ashirin da shida ina shayar da kaji dubu arba'in. Ƙarar nan kullum ina jin ta, kamar ruwan sama a kan kwano. Wallahi ban taɓa tsayawa na ga ɗaya tana sha ba sai yau."

Glenys ta gyara zama kusa da shi a kan daɓen, ta sa hannu ta tallafi gwiwar hannunsa, Dilys kuwa ta ci gaba da sha.